Dalilin da Ba Ya Cikin Littafin Alƙali

Ranar Laraba da la'asar aka tsinci gawar Stan Mulvaney a Rijiya ta Tara, kwance rub da ciki a gefen kwamin da shanu ke shan ruwa, an fasa masa ƙeya da sifanar da yake gyaran famfo da ita. Shekara talatin yana zagaya rijiyoyin gandun shanun Doyle, yana gyara, yana zagin duk wanda ya bar ƙyaure a buɗe. Kev Dragic, mai harbin raƙuman daji, shi ya fara ganin gawar, shi ya buga wa 'yan sanda waya.

A bakin kwamin an sami shuɗiyar jarka da wata hular kaboyi mai ɓulallen baki. Babu wanda bai san hular ba a ƙauyen Yarrkinti. Ta Clifton Japaljarri ce, kuma kowa ya tuna yadda suka yi cacar baki da Stan a gaban kanti wata guda da ya wuce, a kan kwaɗon da aka sa wa hanyar da ke zuwa ƙasar kakanninsa. A ranar, motar Clifton ta mutu a kusa da rijiyar saboda rashin ruwa, ya je ɗiba, amma sai ga shi wani direban tirela ya tsince shi kilomita goma sha biyu daga wurin, a ƙafa, ba jarka ba hula. Washegari da safe 'yan sanda suka zo suka tafi da shi.

Sai bakuna suka buɗe. Waɗanda jiya suke cin naman da ya harbo, yau su ne a inuwar kanti suna cewa dama sun ga alama. Mai gaskiya, in ji su, ba ya gudu ya bar hularsa.

Delvine, matarsa, ta shigo tsakar gidan mahaifiyarta tana kuka kamar ranta zai fita.

"Inna, sun ce ya amsa! Sun tambaye shi ko ya gudu, ya ce eh. Sun tambaye shi dalili, ya yi shiru."

Olive Napanangka tana zaune a ƙasa tana gasa burodi a toka. Ba ta ɗago ba.

"Ɗan sanda ya tsare shi da ido, me kike so ya ce? Ko tambayarsa suka yi ko shi ya haifi raƙumi, eh zai ce. Share hancinki ki tayar da mota."

Olive ta haura saba'in. Tun tana 'yar shekara shida take bin sawu a bayan kakarta, kuma sau goma sha ɗaya 'yan sanda suna zuwa har gida su roƙe ta ta nemo musu Turawan da suka ɓata a jeji. Tara ta samo da rai. Shi kuwa wannan da aka kama, shekara goma sha shida ke nan da ya auri 'yarta, ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa zama ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Haka doka take tsakanin mace da mijin 'yarta, kuma shi mutum ne mai kiyaye doka. In ya yi farauta, cinya ce rabonta, ta hannun Delvine. Tana son sa fiye da wasu 'ya'yan da ta haifa, abin da dai ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

*

A Rijiya ta Tara sun tarar da Saja Brennan yana naɗe igiyar da suka kewaye wurin da ita. Motocinsu uku sun tattake hanya, shanu sun gama da bakin kwami. Olive ta dubi ɓarnar ta yi tsaki.

"Anti Olive, bai kamata ki zo nan ba," in ji Saja.

"Kai ma bai kamata ka zo ba, ga shi ka zo da motoci uku. Biyo ni."

Ta kai shi gefen ƙyauren shinge, inda akwai wani ɗan fili na jar laka da ba mota ba saniya da ta taka. An yi ruwa daren Talata, lakar ta kama duk abin da ya bi ta kanta ranar Laraba, yanzu rana ta fara gasa ta.

"Wannan ƙafar da ba takalmi, ta mijin 'yata ce. Fita yake yi. Dubi tazarar, tafiya ce ta hankali, mai gudu yatsu yake kafawa. Dubi kuma yadda ya karkata ya yi bayan kurmi maimakon ya bi hanya. Ka san abin da ya kauce wa?"

"Gawa, ina tsammani."

"Ni. Mun fito haƙar damo da safe, mu huɗu, a rawayar motar nan da kowa ya sani. Ya hango mu, ya bar mini wurin. Wannan ƙafata ce. Ga lakar da diddigena ya tura ta hau kan yatsansa, ka ga shi ya riga ni. Da na ga sawun na gane ya bar ruwa saboda ni, sai na ce wa matan mu ɗiba da sauri mu tafi don ya samu ya dawo. Garin sauri na bar ƙyaure a buɗe. Shi kuma ya san in mata suka sauka a rijiya sai yamma, ya kama hanya."

"Kin ga Stan?"

"Na ji ana buga ƙarfe a bayan tanki."

"Famfon iska ma yana buga ƙarfe."

"To famfon iska ne ya sa takalmi ya zo ya rufe ƙyaure? Durƙusa ka gani. Wannan takalmin Stan ne, ya taka tsakiyar ƙafata. Matacce ba ya taka sawun mai rai, Saja. Ga kuma wani takalmin ya shigo daga waje ya same shi. Su biyu suka koma wajen kwami, ɗaya ya fito."

Saja ya leƙa kamar mai neman allura, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Anti, ina ganin girmanki. Amma surukinki ne, ke kuma kina wurin a ranar. Ni laka nake gani. Irin wannan takalmin kuwa duk namijin da ke gandun nan shi yake sawa."

"Da na samo maka Bajamushen nan a bayan dutse ba ka ce laka kake gani ba. Hoto ka ɗauka da ni."

Ya juya ya shiga mota. Olive ta bar shi ya yi nisa, sannan ita da Delvine suka jawo kwanon rufi uku daga rushasshiyar rumfar da ke bayan tanki, suka rufe sawun, suka danne da duwatsu.

*

Sawu na huɗun, na baƙon takalmin, shi ya hana ta sakat. Girmansa na kowa ne, ƙirarsa ta kowa ce. Abu ɗaya ya bambanta shi: ƙafar dama tana buɗewa waje, kuma kafin ta tashi sai bakin takalmin ya ɗan ja ƙasa, jan da bai fi faɗin farce ba.

Kev Dragic yana ɗingishi da ƙafar dama, duk duniya ta sani. Ta same shi a sansaninsa yana wanke bayan mota, ruwan yana gangarowa ja.

"Jinin wa?" ta ce.

"Na raƙumi, Anti. Ko kina so ki ɗanɗana?"

"Me ya kai ka Rijiya ta Tara?"

"Ƙishirwa. Mutum ba zai sha ruwa ba sai da takardar izini?"

"Kun yi faɗa da Stan bara."

"Wa bai yi faɗa da Stan ba? Ke ba ki yi ba? Kare ma ya yi faɗa da Stan."

Ta nuna masa wani gatari can gindin bishiya, ta ce ya ɗauko mata. Ya tafi yana gunaguni, ita kuma ta bi ƙasa da ido. Ƙafar Kev diddige take kafawa, ta juya ciki. Ko kusa ba ita ba ce. Da ya miƙo gatarin ta ce ya mayar, ta fasa.

Bev, matar Stan, ta karɓe ta a bakin ƙofa, ido a kumbure. Ba ta ce ta shigo ba.

"In roƙo kika zo yi wa surukinki, koma."

"Ban iya roƙo ba. Tambaya ɗaya. Me ke cin mijinki kafin ya mutu?"

Bev ta daɗe tana murza bakin rigarta.

"Maruƙa," ta ce. "Kullum maruƙa. Wai yana ganin maruƙan mutanenku marasa tambari a cikin shingenmu, bayan kwana biyu ya gan su da tambarin gandu. Ya ce shi ya tsufa da rufa wa mutane asiri. Ban tambaye shi wa yake nufi ba, na ce ya ci abincinsa."

Daga nan Olive ta wuce babban gida. Warwick Doyle, manajan gandun, ta san shi yana yawo ba wando, kafin a tura shi makaranta kudu ya dawo da gemu da jirgi mai saukar ungulu. Ya tarbe ta a baranda, ya haɗa mata shayi da hannunsa, madara da sukari uku.

"Abin ya taɓa ni, Anti. Stan kamar uba yake a wurina."

"Yaushe rabonka da Rijiya ta Tara?"

"Sati biyu kafin abin. Ranar ina can arewa wajen tara shanu, haka na faɗa wa 'yan sanda. An ce kin rufe wani abu da kwano a bakin ƙyaure?"

"An ce."

"Ki bari in sa a kwashe, kada saniya ta yanke."

"Na sa Saja ya koma ya ɗauki hoton kwanon, lauyar mijin 'yata ma tana da shi. Ranar da ya motsa, a gonarka ya motsa."

Ya yi dariya ya ce ita dai ba ta canzawa. Da ta tashi tafiya, ya tsaya a kan katakon baranda ya ɗaga mata hannu. Mutanen gidan Doyle, da duk halinsu, ba su taɓa barin baƙo ya taka zuwa mota shi kaɗai ba, uban haka, kakan haka. Olive ta dubi jar ƙasar da ke tsakanin matakala da mota, lallausa kamar gari, ta dubi takalminsa a kan katako. Ta ce masa shayin ya yi daɗi.

*

Wata bakwai mijin Delvine yana tsare kafin a sa ranar shari'a. Lauyar da aka ba shi, Miriam Castellano, yarinya ce mai saurin magana da ba ta cin abinci a zaune. Ta zo Yarrkinti da wani ƙaton littafi, ta baje shi a kan bargo.

"Anti, ba alƙali ne zai ce ya yi ko bai yi ba. Mutum goma sha biyu ne daga cikin gari, masu kanti, direbobi, malaman makaranta. Kafin su shiga ɗaki su yanke, alƙali zai karanta musu gargaɗi daga littafin nan. Kowace matsala da shafinta. Ga shafin gudu." Ta karanta: "Idan kun gamsu cewa wanda ake tuhuma ya bar wurin, kada ku yi gaggawar cewa laifi ne ya kore shi. Mutum yakan gudu don firgita, ko don tsoron a ɗora masa abin da bai yi ba, ko don ya kare wani."

"Ci gaba."

"Shi ke nan."

"Shi ke nan? Wanda ya rubuta wannan, matarsa daga ƙwai aka ƙyanƙyashe ta? Ba ta da uwa?"

Delvine ta tuntsire da dariya, karo na farko cikin wata bakwai, dariyar ta ƙare da kuka.

"Lauyan gwamnati zai bi ukun nan ɗaya bayan ɗaya ya karya su," in ji Miriam. "Zai ce mutum ya bar ruwa a jeji, ya ƙi faɗin dalili, me ya rage in ba laifi ba? Shi kuma Clifton ko ni ya ƙi faɗa wa. Da na ambace ki sai ya juya fuskarsa ga bango."

"Ya yi daidai. Ki ce wa alƙali ya ƙara layi ɗaya."

"Ba a ƙara wa littafin nan haka kawai. In ya kauce ba hujja, kotun sama sai ta rushe shari'ar. Sai an kawo shaida a gabansa, ke ce kuma shaidar."

"Shi yana cikin ɗakin?"

"Dole."

"To ba na shiga."

"Akwai na'ura, sai ki zauna a wani ɗakin a nuna ki a talabijin."

"A kafa masa fuskata a bango ya wuni yana kallo? Kuma ƙasa fa, ita ma a talabijin za ta yi magana? Hotunan da kika ɗauka da tsakar rana ko ni ba na ganin komai a ciki. Ki kawo alƙali da mutanen nan wurin, da hantsi, rana tana kwance."

"Anti, in suka same shi da laifi, ɗaurin rai da rai ne."

Olive ta kalli arewa. Gajimare ya fara taruwa a can da yamma, kwana uku a jere. Kwano yana tare rana da kofato, amma ruwan farko in ya sauka ta ƙarƙashi zai bi.

*

Ranar huɗu ta shari'a aka kira ta. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar kotu, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafa. Masinja ya kira sunanta sau uku. Ya fito ya lallaɓa, ya koma. Ya sake fitowa ya ce alƙali ya ce in ba ta shigo ba zai sa a kama ta.

"Ya sa a kama ni," ta ce da ƙarfi yadda na ciki za su ji. "A kurkuku ma ɗakin mata daban ne. Can sun fi ku sanin doka."

Can sai aka fitar da sha biyun ta wata ƙofa, aka buɗe babbar ƙofa, muryar alƙali ta fito, muryar dattijo mai gajiya.

"Malama Napanangka, kina ji na?"

"Ina ji, ranka ya daɗe. Kunnena lafiya lau."

"Me ya hana ki shigowa?"

"Abin da ya hana shi tsayawa a rijiya. Kai kana da dokarka a littafi, ni ma ina da tawa, tawa kuma ta girmi taka. Mutumin da ke zaune a akwatin can ya yarda ya taka kilomita goma sha biyu ba ruwa don kada ya karya ta. Wata bakwai yana kulle bai buɗe baki ya karya ta ba. Ni ce zan shigo in karya masa ita a gaban baƙi?"

"Kin gane cewa in ban ji shaidarki ba, yana iya mutuwa a kurkuku?"

Maganar ta soke ta. Ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoron kada taurin kanta ya zama shi ne ajalinsa.

"Na gane," ta ce. "Shi ya sa nake cewa ka zo. Ba ni ce shaidar ba, ranka ya daɗe, tana can ƙarƙashin kwano. Ruwa kuma yana hanya, shi ba ya jiran a ɗaga shari'a."

Lauyan gwamnati ya miƙe yana cewa ba a taɓa yin haka ba. Alƙali ya ce littafin ya yarda kotu ta je ta duba wuri, bai kuma ga inda ya hana ta sauraron shaida a can ba. Ya sa ranar Litinin, ƙarfe bakwai na safe, ya ce duk shaidun da suka ambaci rijiyar su hallara.

*

Da gari ya waye ranar Litinin, Olive da matan nan uku da suka je haƙar damo tare sun riga kowa zuwa, da jarkoki goma sha biyu. Suka juye su kaf a mashigar ƙyaure, suka share da reshe, suka koma inuwa suka hura wutar shayi.

Motoci suka iso suka tsaya a waje, don alƙali ya hana a shiga da su. Warwick Doyle ne mai gida, shi ya buɗe ƙyaure ya shige gaba. Saja ya bi shi, sai Kev da ɗingishinsa, sai Bev, sai lauyoyi suna ɗage wando suna tsaki, sai sha biyun a jere. Aka zaunar da wanda ake tuhuma a bayan tanki tsakanin gandirobobi biyu. Olive ta juya wa tankin baya.

Alƙali ya buɗe littafinsa a kan murfin mota, ya karanta wa sha biyun shafin duba wuri: su kalla da idonsu, kada su yi tambaya, kada su yi magana da kowa, abin da suka gani shaida ne. Aka rantsar da Olive. Aka ɗaga kwanon.

Rana tana kwance, kowane sawu ya cika da inuwarsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, kamar yadda ta nuna wa Saja: wanda ya fita, ita a kansa, Stan a kanta, baƙon takalmi a gefen Stan, biyu sun shiga, ɗaya ya fito.

Lauyan gwamnati ya gyara tabarau.

"Malama, gaskiya ne ba ki taɓa kallon fuskar wanda ake tuhuma ba?"

"Gaskiya ne."

"In na jera maza biyar, ba za ki iya nuna shi ba?"

"A fuska, a'a."

"Amma kina so mutanen nan su yarda kin gane shi a laka."

"Ɗana, shekara goma sha shida duk inda ya doso ƙasa nake kallo. Me kake tsammani nake gani a can? Kai ma tun ɗazu na san ƙafarka ta hagu tana da ƙurji, takalmin ya matse ka. Ka sayi babba."

Wani daga cikin sha biyun ya shaƙe da dariya, alƙali ya harare shi.

"To wannan na huɗun," in ji lauyan, fuska ta yi ja, "tunda kin san kowa, na wane ne?"

"Wata bakwai ban sani ba. Yau da safe na sani. Ku waiwaya."

Suka waiwaya. Mashigar ƙyaure tana nan jiƙe, da sawun mutum ashirin da wani abu a kanta, sabo fil. Olive ta taka a hankali ta gefe, ta wuce na Saja, ta wuce na Kev mai kafa diddige, ta tsaya a kan wanda ya riga kowa shiga. Ƙafar dama a buɗe waje, da ɗan ja a bakin takalmi. Ta ɗora tsinken a kai, ta koma ta ɗora wani a kan tsohon.

"Wannan tarko ne!" in ji lauyan gwamnati. "Ita ta zuba ruwan!"

"Ni na zuba. Ban ɗaga ƙafar kowa na ajiye ba."

Wata mata daga cikin sha biyun, mai tuƙa motar 'yan makaranta, ta durƙusa a lakar da siket ɗinta. Ta kalli sabon, ta rarrafa ta kalli tsohon, sannan ta ɗago ta bi takalman mutane da ido har ta tsaya a kan na Warwick Doyle. Sauran suka bi idonta.

"Gonata ce," in ji Warwick. "Sawuna yana ko'ina."

"Ka rantse a kotu cewa sati biyu rabonka da nan," in ji Miriam. "Sau ɗaya aka yi ruwa a watan, daren Talata."

Bev ta matso har gabansa. A hankali ta yi maganar, amma kowa ya ji.

"Maruƙan ne, Warwick? Saboda maruƙa? Shi ya koya maka hawan doki."

Alƙali ya buga murfin mota ya ce kowa ya yi shiru, ya gargaɗi Warwick cewa ba dole ne ya ce komai ba. Warwick ya ja da baya taku biyu, ƙafar dama tana jan ƙasa, Saja Brennan kuma ya matsa ya tsaya a bakin ƙyaure ba tare da ya kalli Olive ba.

*

Lauyan gwamnati bai janye ba. Ya ce karatun laka ba ilimi ba ne, ya ce har yanzu mutum ya bar jarkarsa ya tafi, a bar wa sha biyun su yanke. Ranar Laraba alƙali ya yi musu gargaɗin ƙarshe. Olive tana zaune a wurinta a bakin ƙofa, masinja ya bar mata ita a ɗan buɗe.

Ya karanta shafin shakka, ya karanta shafin shiru, cewa shirun wanda ake tuhuma ba hujja ba ne a kansa. Ya zo shafin gudu. Firgita, tsoron ƙazafi, kare wani. Olive ta ji an rufe littafi.

"Waɗannan su ne dalilan da aka rubuta mini," in ji alƙali. "Akwai wanda ba a rubuta ba, kun kuma ji shaida a kansa. A ƙasar nan mutum yakan bar wuri, ya bar ruwansa da hularsa, don surukarsa ta iso, kuma ba zai faɗa muku ba ko da za a ɗaure shi. In kun ga hakan yana iya zama dalilinsa, ba ku da ikon ɗaukar tafiyarsa a matsayin alamar laifi."

"Yanzu ka yi karatu," in ji Olive, ba a hankali ba. Masinja ya yi kamar bai ji ba.

Minti arba'in suka yi a ɗaki. Ihun murnar Delvine ne ya faɗa mata hukuncin.

Jama'a suka fito, Miriam ta rungume ta tana hawaye, Kev ya ce a ba shi ladan ɗauko gatari. Sai wani ya ce ga Clifton nan fitowa. Olive ta miƙe ta juya ta fuskanci bango, ta ja ɗankwali ta rufe gefen fuskarta. Ta ji hayaniya ta lafa. Ta ji takunsa ya sauko matakala, ya ɗan tsaya a bayanta daga nesa, tsawon numfashi uku, sannan ya wuce wajen motoci.

Sai da aka ce ya shiga mota ta juyo. Ta sunkuya a kan ƙurar da ke gaban kotun, ta daɗe tana kallon sawun silifar kurkuku. Ko rabin zurfin da ta sani bai kai ba.

Delvine ta dawo da gudu.

"Inna, ya ce in faɗa miki..."

"Kada ki faɗa mini komai," in ji Olive, hawaye na zuba ba ta share ba. "Sun ramar mini da shi. Maza je ki ba shi abinci."